Tambayoyin Lafiya: Idan Garkuwar Jiki Ta Juyo Kan Mai Ita

Tambaya: Likita, ana ɗaukar cutar lupus ta wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya?

Amsa: A'a, ba a ɗaukarta daga kowa; lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa jikin mai ita hari. Ku ci gaba da zama da mai ita kamar kullum.

Tambaya: Ƙanwata tana da lupus, a gida kuma an ce sammu ne. An karɓo mata tsimin da aka ce yana ƙara garkuwar jiki, ta ajiye maganin prednisolone, mai kwantar da garkuwar jiki, da aka ba ta a asibiti. Yanzu ƙafafunta sun kumbura.

Amsa: Malama, ki kai ta asibiti yau ɗin nan, domin kumburin ƙafa ga mai lupus yana iya nuna cewa ciwon ya taɓa ƙoda. Abin da ke ɓata mini rai shi ne, garkuwar jikin mai lupus ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi.

Kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu tana da masu gadi da ke lura da shigowar ƙwayar cutar bairos. Da zarar sun ga baƙon sinadarin gado, wato DNA, a inda bai kamata ba, sai su sa a saki sinadarin intaferon mai tayar da garkuwar jiki don yaƙar bairos, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Masu bincike sun samar da ɓeraye marasa wani sinadari mai suna TREX1, wanda aikinsa shi ne share tarkacen DNA na jikin kansa. Tarkacen ya taru, masu gadin suka ɗauka bairos ne ya shigo, intaferon ya yi ta kwarara babu tsayawa, har zuciyar ɓerayen ta kumbura suka riƙa mutuwa da wuri, alhali babu wata cuta da ta shige su. A 2008 aka nuna cewa idan aka toshe hanyar intaferon ɗin, ɓerayen suna rayuwa, a 2015 kuma aka samu irin wannan sakamako da aka cire mai gadin da ake kira cGAS. Mutane da yawa masu lupus ma ana samun alamar yawan intaferon a jininsu.

To, wanda jikinsa ke wannan hali, ina amfanin tsimin da ake cewa zai ƙara masa garkuwa, wanda ma ba a san abin da ke cikinsa ba? Haka nan ajiye prednisolone farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya saukar da bugun jini har ya kai ga rasa rai; likita ne ke rage shi a hankali. Ku yi addu'a, amma ku kai ta asibiti, ku tafi da kwalbar tsimin a nuna wa likita. Kada ku bari a kwana.

Tambaya: Tunda ɓerayen sun warke, an samu maganin ke nan?

Amsa: Ɓera ba mutum ba ne, kuma lupus ba daga ƙwayar gado ɗaya take tasowa ba. Sai dai a 2021 Amurka ta amince da maganin anifrolumab, mai toshe saƙon intaferon. Yana rage ciwon ga wasu, ba ya kawar da shi.

Tambaya: Ina ciwon gaɓoɓi, zan iya sayen dexamethasone a kemis?

Amsa: Kada ka soma, magani ne dangin prednisolone. Yana haddasa ciwon sukari da hawan jini da lalacewar ƙashi, ya kuma ɓoye ainihin ciwon. Je asibiti a yi maka gwajin jini.