Ina Lasisinka Yake Kwana?

Filin amsa tambayoyin masu karatu kan kayan situdiyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, waƙoƙin biki da tallan rediyo nake yi. Laftof ɗina ta ƙi tashi, na kai wa mai gyara, ya ce bod ne, wato babban allon cikinta, ya ƙone. Ya canza shi, ya sake mata Windows. Da na buɗe aikin wata amarya, sai filogin ɗina (ƙananan manhajojin gyaran sauti) na kamfanin Soundtoys da na Waves suka nuna ba su san ni ba. Na je in sake kunna na Soundtoys a iLok License Manager, manhajar da ke kula da lasisi, wai adadina ya cika. Malam, dala na biya, ba kirak (kwafin sata) ba ne. Saura kwana 9 kamu.
Mai situdiyo, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su nutse ba, kuma ba wanda ya cuce ka. Kuskure ɗaya aka yi, shi ma ba laifinka ba ne sosai tunda kwamfutar mutuwar fuju'a ta yi.

Manhajar filogin da lasisinta ba abu ɗaya ba ne. Manhajar kana iya sauke ta sau ɗari. Lasisin kuwa kamar akuya yake, dole a ɗaure shi a turke, kuma a tsarin iLok turakun uku ne: jikin kwamfutar kanta, ko dongul (wannan 'yar makullin mai kama da filashi), ko kuma intanet, wanda suke kira iLok Cloud. Kai a jikin kwamfuta ka ɗaure. Ita kuma manhajar iLok ba da suna ko launi take gane kwamfuta ba, da kayan cikinta take ganewa. Ranar da mai gyara ya cire bod, ya tuge turken ke nan da akuyar a ɗaure. A idonka laftof ɗinka ce ta jiya, a idon iLok baƙuwa ce.

Soundtoys guri biyu suke ba mai saye. Tunda an ce adadinka ya cika, ina zargin na biyun yana kan wata tsohuwar kwamfuta da ka sayar ko ka ba wa yaron shago. Buɗe License Manager ka dubi gefen hagu, za ka ga sunayen duk inda lasisinka ya taɓa sauka. In tsohuwar tana kusa kuma tana tashi, je ka shiga asusunka a kanta ka danna Deactivate. Cikin minti ɗaya lasisin ya koma asusu, ka dawo ka ɗaura shi a sabuwar. Wannan ce hanyar da ta fi sauri.

In ba ta samuwa, danna dama a kan sunan kwamfutar da ta mutu ka zaɓi Report as Unusable. A nan mutane ke ruɗewa. Kamfanin PACE da ke Amurka, mai iLok, ba shi ke sake maka lasisin ba. Saƙonka yake miƙawa ga masu filogin ɗin, su za su amince. Don haka kar ka danna ka koma gefe kana jira. Rubuta wa kamfanin filogin ɗin da kanka, da imel ɗin da ka yi sayayya da shi, ka sa sunan asusunka na iLok, ka haɗa da rasit, ka ce bod aka canza. Layi huɗu ya isa. Ba sa buƙatar labarin amarya.

Na Waves ya fi sauƙi, domin su ba sa bi ta iLok. Shiga manhajarsu ta Waves Central, za ka tarar da lasisin a maƙale a na'urar da ba a haɗe take ba, ka yi masa abin da suke kira Recover. Sau ɗaya ake yin sa a shekara, saboda haka kar ka ɓarnatar. Da ya dawo, ni da ni ne ba zan sake sa shi a jikin laftof ba. Waves sun yarda ka ɗora lasisinsu a kan filashi na gama-gari. Ware guda ɗaya mai kyau, ka rubuta masa suna, kar a riƙa tura waƙa da shi, kar kuma wani ya yi masa fomatin.

Game da amarya: kar ka jira a gama wannan shari'ar kafin ka taɓa aikinta. Buɗe kwafin aikin, ba na asalin ba, ka maye gurbin filogin ɗin da suka ƙi da na cikin manhajar da kake haɗa waƙa da ita. Ranar kamu ba wanda zai tsaya a ƙarƙashin rumfa yana tambayar wane irin eko aka sa wa muryar 'yan amshi. Nan gaba kuma duk muryar da ka gama tacewa, fitar da ita a matsayin sauti tsantsa ka ajiye a gefe. Lasisi na iya tafiya, abin da aka riga aka fitar yana nan.

Kuma daga yau, kafin kwamfuta ta bar ɗakin nan zuwa wurin gyara, ko za a sake mata Windows, a fara kwance lasisi. Na san akwai abokan sana'a da za su yi maka dariya su ce ai su na kirak ba ya tambayarsu komai. Haka ne, ba ya tambaya. Ranar da ya rufe aiki ana tsaka da ɗaukar murya ma ba wanda za su rubuta wa.

Tambaya: Malam, Cubase 11, manhajar haɗa kiɗa, nake amfani da shi da dongul ɗinsa na eLicenser. Kwanan nan sai na ɗan murɗa shi kafin fitilarsa ta kama. In ya mutu, zan iya sayen wani in mayar da lasisin?
Wani makaɗi, Damagaram

Amsa: A'a ɗan'uwa, kuma ka ɗauki maganar nan da muhimmanci. Steinberg, kamfanin da ke yin Cubase, sun rufe sabis ɗin eLicenser ranar 20 ga Mayu, 2025. Lasisin da ke cikin dongul ɗinka zai ci gaba da aiki muddin dongul ɗin na da rai, amma hanyar da a da ake bi a kwashe shi zuwa wani sabo ta toshe. Abin da ke hannunka yanzu ƙwai ne.

Da fari ka daina murɗa shi. Sau da yawa ba dongul ɗin ne ya gaji ba, ramin USB na kwamfutar ne ya saki saboda yawan cirewa da sawa. Gwada wani ramin. Sannan ka sayi gajeriyar wayar ƙari ta USB, ka soka dongul ɗin a ƙarshenta sau ɗaya, ka naɗe mahaɗar da salatif, daga nan wayar ce za ta riƙa shan wahala. Ni da tsada na koyi wannan. Wata shekara cikin azumi muna aikin dare, nawa yana tsaye a gefen laftof kamar ƙaho, wani yaro ya zo miƙo mini shayi gwiwarsa ta bi ta kai. Ƙarar da na ji ba ta kai ta karyewar tsinken sakace ba, amma mako uku ban buɗe aiki ba. Yaron har yau in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, alhali ni na bar abin a hanya.

Ka kuma kula da lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. In ba ka da UPS, rufe aiki tukuna.

Mafita ta dindindin ita ce ka matsa gaba. Tun daga Cubase 12, wanda ya fito a Maris 2022, ba a buƙatar dongul, kuma lasisi ɗaya yana hawa kwamfuta 3. Shiga asusunka na MySteinberg ka ga ko ka taɓa yi wa Cubase 11 ɗin rajista, domin ita ce hujjarka idan za ka tambaye su farashin sabuntawa. Yi tambayar yanzu da fitilar ke kamawa.

Tambaya: Ina ɗaukar muryar talla da manhajar Pro Tools a gida. Da sabis ya ɗan yi rawa sai ya tsaya ya ce lasisi ya yanke. Mene ne abin yi?
Wata mai karatu, Kaduna

Amsa: Hajiya, a iLok Cloud kika ɗaure naki, shi kuwa sai da intanet da ba ta yankewa. An yi shi ne don wuraren da sabis ba ya numfashi, mu kuwa kin san halin da ake ciki in hadari ya haɗu. Ki nemi dongul na iLok ki mayar da lasisin kansa, daga nan ko data ta ƙare aiki na tafiya. Na ƙarni na 3 yana ɗaukar lasisi 1,500, na 2 kuma 500, ke da ba ki fi goma ba kowanne ya ishe ki.

Ki sayi sabo, fanko. Wanda za a kawo miki a ce "cike yake da kaya" yana nan a asusun mai shi na farko, ranar da ya ba da rahoton an sace masa ke ce a ruwa. Mayar da lasisi daga wani asusu zuwa wani dala 25 ne kowane ɗaya, wasu kamfanonin ma ba su yarda a sayar da nasu ba sam.

Idan da wannan aikin kike cin abinci, akwai tsarin Zero Downtime na dala 30 a shekara. In dongul ya karye ko ya ɓace, za a ba ki lasisin wucin gadi na kwana 14, amma sai kina da dongul na biyu a ajiye da za a zuba su a kai. Tare da shi akwai kariyar sata da ɓata, wadda sai kin kunna ta da kanki, kuma sai dongul ɗin ya gaisa da intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 90. Ki sa wa wayarki tunatarwa duk wata biyu.