Tsinken filfilo ya taɓa idon ɗana, yanzu wani fari ya fito

TAMBAYA: Assalamu alaikum lokotoro, ina gajiya ina aiki. Ni uwa ce daga unguwar Zariya nan Maradi. Tunda iskan hunturu ya taso yaran unguwarmu sunka shiga yin filfilo, wanga da suke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya su ɗaura mai zare su sake shi sama. To shekaranjiya ɗana mai shekara 6 ya ɗaga kai yana kallo sai abin ya juyo ya faɗo mishi a fuska, tsinken ya karce shi a idon dama. Bai yi jini ba, hawaye dai. Kakarshi ta sa anka ɗiga mishi nono, ni kuma na sayi maganin ɗigawa wurin mai talla, jan ya ɗan ragu har na ji sanyi. Amma yau da safe na ga wani ɗan fari bisa baƙin idon kuma ba ya son haske sam. Babanshi ya ce mu ƙara kwana biyu mu gani. Don Allah mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lahiya. Ki ba Malam haƙuri, wannan ba abin ƙara kwana biyu ba ne, yau ɗin nan ki ɗauke shi ku tahi wurin masu duba ido, in CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa, ta fi kusa ku fara can su ba ku takarda zuwa CHR, wato babbar likita ta jaha, kuma ki tahi da kwalbar maganin da kika saya su gani da idonsu.

Ga abin da ya tayar min da hankali. Baƙin idon nan akwai wata fata garai-garai bisanshi, in karcewa ce kawai ta samu cikin kwana 1 zuwa 3 take haɗewa da kanta. To ke yau kwana 3 kuma maimakon sauƙi fari ya fito, wannan alamar gyambo ce, ƙwayar cuta ta shiga wurin. Kuma abin da ya karce shi tsinken tsintsiya ne, duk abin da ya fito daga tsiro, kara ne, ƙaya ce, kan gero ne lokacin girbi, yana iya ɗauko ƙwayoyin cuta irin na fumfuna waɗanda maganin ɗigawa na yau da kullum ba ya kashewa, nasu maganin daban ne kuma yakan ɗauki makonni.

Sai maganin mai talla. Da yawa cikinsu akwai sinadarin dexamethasone ko danginshi, aikinshi ya kwantar da ja da kumburi, shi ya sa kika ga kamar an samu sauƙi, amma a lokaci guda yana kashe ƙarfin da idon ke kare kanshi da shi sai cutar ta samu fili ta ci ta yi zurfi, wani lokaci har idon ya huje. Ki tsai da shi yanzu. Nono ma a bari, na san kaka da ƙauna ta yi kuma haka munka taso munka gani, amma ido mai rauni ba a sa mishi nono ko ruwan albasa ko kwalli ko ruwan sukari.

A likita za su ɗiga mishi wani ruwa mai launin rawaya su haska da shuɗiyar fitila, nan take girman ciwon zai fito, ba zafi. In an kama shi da wuri sau da yawa tabon kaɗan ne, in an yi jinkiri shi ne yake zama hakiya. Kuma shekarunshi ma abin dubawa ne, yaro ƙasa da shekara 7 ko 8 ƙwaƙwalwarshi ba ta gama koyon gani ba, in ido ɗaya ya daɗe a dushe sai ta yi watsi da shi ta dogara ga ɗayan, ko an gyara daga baya ganin ba ya cika dawowa.

Bari in ƙara don sauran iyaye. In tsinke ya shiga cikin idon ya tsaya kar a cire, kar a wanke, kar a danna da auduga ko ƙyalle. A yanke gindin kofin roba a kifa bisa idon a manne da sikoci, kar a ba yaron abinci don ƙila a yi mishi aiki, ana son ɗinkin cikin awa 24, a tuna da allurar tetanus. In kuma jini ya kwanta gaban baƙin idon, paracetamol kawai, ban da aspirin da ibuprofen don suna ƙara zubar jinin, in yaron mai sikila ne a faɗa tun a bakin ƙofa.

TAMBAYA: Lokotoro na ga wani bidiyo a TikTok ƴan Indiya suna shafa ma zaren filfilonsu garin kwalba da gam don su yanke na abokin wasa, mu ma muna so mu gwada. Akwai illa? Daga wani ɗan lakwal, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ƙanena kar ku fara, wallahi da gaske nake. Can Indiya sunan zaren nan "manja" da yarensu, kuma duk shekara lokacin bikinsu na filfilo na 14 ga Janairu a jihar Gujarat ana kai mutane asibiti ya tsaga musu fatar ido ko hanci, masu babur ma wuya yake yanka musu har a rasa rai, shi ya sa a 2017 kotun kula da muhalli ta Indiya ta hana zaren filfilo na nailan da mai garin kwalba irin wannan. To ka duba yawan ƴan kabu-kabu da ke garin nan mafi yawa ba hular kwano, zare ɗaya ya gitta titi ya isa. Ku yi da zaren auduga, ku naɗe bakin tsinkayen da sikoci, ku fita fili nesa da wayoyin lantarki na NIGELEC da titi, kar ku hau soro, ku ba rana baya don ƙura mata ido yana ƙona cikin ido, kuma ƙananan ƙannenku su tsaya bayan mai riƙe da zaren.