Yadda Moriori Suke Cire Dafin Ƙwallon Kopi

Ɗana, jiya muna shanya sassaƙe ka tambaye ni ko da gaske ne akwai mutanen da suka mai da ɗan itace mai dafi abincinsu. Da gaske ne, kuma zan ba ka labarin waɗanda suka fi burge ni.

Moriori ake ce musu. Suna zaune a tsibiran Catam, da su suke kira Rekohu, kimanin kilomita 800 gabas da Niyu Zilan, tun wajajen shekarar 1500. Wuri ne na sanyi da iska mai ƙarfi, dankalin da kakanninsu suka saba da shi bai yi a can ba. Suna da hakapiri, ɗan dangin furen rana da ke zama babban itace, mai jure iskar teku. Amma itacen da ya riƙe musu ciki shi ne kopi.

'Ya'yan kopi masu launin ruwan lemo ne idan sun nuna. Naman waje ana ci. Ƙwallon ciki kuwa, wanda shi ne ainihin abincin, yana ɗauke da dafin da ake kira karakin. Wanda ya ci shi ɗanye sai jijjiga ta kama shi, gaɓoɓi su murɗe, wani ya nakasa har abada, wani ya rasu.

To ga aikin. Sai su turara ƙwallon a rami da duwatsu masu zafi na tsawon sa'o'i, su zuba a kwando, su jiƙa a ruwa kwana da kwanaki har dafin ya fita, sannan su shanya su adana. Ka san yadda mata ke yi da rogo mai ɗaci, a fere, a jiƙa, a tsane? Hikimar ɗaya ce. Ni abin da ke taɓa zuciyata, wani ne ya fara jigata kafin a gano yawan kwanakin nan.

Sun girmama itacen har suna sassaƙa siffofin mutane a ɓawonsa yana raye, wasu na nan a dajin Hapupu.

Gobe da safe ka zo da littafinka. Za mu bi saiwoyin da ke ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wacce ake jiƙawa da kwana nawa take yi a ruwa.