Tambaya da Amsa: Yaya Ake Amfani da "Used To" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare a Argungu, ina shirin zana jarrabawar WAEC. A cikin wani insha'i na rubuta "I use to fetch water every morning before school", sai malaminmu ya ja jan biro a kai. Ni kuwa kullum haka nake jin mutane na faɗa. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi daidai, amma ban ga laifinki ba, domin na san inda abin ya samo asali. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai, da wuya in gama na aji guda ban ci karo da irin wannan jimla ba. Hausar da ke bakinki ce ta yi aiki. So kika yi ki ce "nakan ɗebo ruwa kowace safiya", kika lalubi abin da zai tsaya a gurbin "kan", sai "use to" ta faɗo miki.

To ita "kan" ɗinmu ba ruwanta da lokaci. Mukan ce "nakan je" a kan abin da muke yi har gobe, mu kuma ce "a da nakan je" a kan abin da muka bari. Ita kuwa "used to" a baya kaɗai take zaune. Duk inda Bature ya furta ta, nufinsa a da ana yi, yanzu an daina. Dubi wannan: "Kebbi used to be part of Sokoto State." A da Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, har zuwa 1991 da aka ba ta jiharta. Haka za ki faɗa game da Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996. Ko ki ce "My grandfather used to fish at Matan Fada." Duk wanda ya ji ya san kakan nan ya jingine homarsa da gorarsa, ko don tsufa ko don wani dalili, ba sai kin ƙara bayani ba.

Ke kuwa har yanzu kina ɗebo ruwan, saboda haka jimlarki ba ta buƙatar wani ƙari: "I fetch water every morning before school." Idan kina son nuna yawanci ne, ba kullum ba, sai ki ce "I usually fetch water." Zargina ma shi ne kamannin "usually" da "use to" a kunne na cikin abin da ke rikita yaranmu.

Ki kula, ba a sa "used to" a abin da ya faru sau ɗaya. In kin je Jega makon jiya, "I went to Jega last week" za ki ce. Sannan a tambaya ko korewa harafin "d" yana faɗuwa, domin "did" ta riga ta ɗauki nauyin lokacin: "Did you use to live in Yauri?" da "I didn't use to like tea."

Inda na fi son ki buɗe ido shi ne 'yar'uwarta mai kama da ita, wadda "am", "is" ko "are" ke gabatarta. Wannan ita ce "saba" a Hausa, kuma tana aiki a kowane lokaci. "I am used to the heat in Birnin Kebbi", wato na saba da zafin Birnin Kebbi. Abin da ke biye mata suna ne, ko aikatau mai "-ing" a wutsiya: "She is used to waking up early", ta saba tashi da wuri. A nan ɗalibai da dama suke asarar maki, su rubuta "used to wake up" bayan "is". Idan kuma sabon bai kankama ba, ana kan hanya, "get" ce ke shigowa. Ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Legas ya iso a watan Afrilu, gumi na tsiyaya yana fifita da littafi, abin da za ki ce masa shi ne "You will get used to it", za ka saba.

Akwai ta uku, ba ta da wuya: "This net is used to catch fish", ana amfani da wannan homa wajen kama kifi. Wannan "use" ce ta amfani, kuma da sautin "z" ake furta ta, saɓanin biyun farko da ke fita da "s".

Ga aikin da zan ba ki kafin gobe. Ɗauki jimlar nan taki ki juya ta gida uku: "I fetch water every morning", "I used to fetch water every morning", "I am used to fetching water every morning." A ƙarƙashin kowacce ki rubuta ma'anarta da Hausa, ki kai wa malaminku ya duba. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa.