Ƙa'idojin kula da mai jego: ta ina za a fara?

Tambaya: Ni ungozoma ce a ƙaramin asibiti. An kawo mana ƙa'idojin kula da mai jego da jariri, amma gadaje ba yawa, ma'aikata ma haka, mata kuma da sun haihu sai su matsa a sallame su. Yaya za mu yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 sun haura 60, ba a ɗaukar su rana ɗaya. Ku fara da awa 24 na farko, domin a nan haɗari ya fi yawa, musamman zubar jini.

Tun daga awar farko a riƙa duba jini, a taɓa ciki a ji ko mahaifa ta tsuke ta yi tauri, a auna zafin jiki da bugun zuciya. A gwada hawan jini da ta haihu, a sake cikin awa 6, a kuma rubuta ko ta yi fitsari, don cikakkiyar mafitsara kan hana mahaifa tsukewa. Ku maƙala takardar awon a jikin gado, da gurbin sa hannu. Gurbin da aka bari fayau shi ke tona abin da aka tsallake, sai a bi shi lokacin miƙa aiki.

Batun sallama, ina roƙonki ki dage sai awa 24 ta cika. Ki yi wa mijin da mai jinya bayani tare da ita, don sau da yawa su ne masu gaggawar. Su san alamun dawowa nan take: jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi. Ga jariri kuwa, ƙin kama nono, numfashi da sauri, jiki ya yi zafi ko sanyi, ko ciwon shawara a ranar farko.

Sauran dubawa uku: tsakanin awa 48 da 72, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na 6, wanda ya dace da rigakafin yaro. A rubuta mata ranakun a kati. Wadda ba ta zo ba a kira ta, ko a kai mata ziyara gida a makon farko. In ta zo, kafin ki karɓi jaririn ki tambaye ta barcinta da halin da zuciyarta ke ciki, domin mai fama da ciwon damuwa bayan haihuwa ba kasafai take faɗa da kanta ba.