Tambaya da Amsa: Syslogd ya ƙi tashi a babbar kwamfutarmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina cikin masu kula da babbar kwamfutar IBM mai aiki da z/OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. A da muna tayar da syslogd, wato manhajar da ke tattara bayanan abin da ke faruwa a ɓangaren UNIX, daga fayil ɗin /etc/rc, wanda ke ɗauke da umarnin da ake gudanarwa idan ɓangaren UNIX ya tashi. Tun da muka mayar da tayar da shi ta umarnin START, sai ya tashi ya mutu nan take. Ina za mu duba? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar ko akwai wani syslogd da ya riga ya tashi, domin a ganina nan ne matsalarku ta fi yiwuwa. Tsarin z/OS ba ya yarda guda biyu su karɓi saƙonnin cikin gida lokaci guda, saboda dukkansu ta kafar /dev/log za su saurara. Idan ba ku cire tsohon layin daga /etc/rc ba, to na farko yana tashi tun lokacin da aka kunna na'urar, shi kuwa naku sai ya tarar an riga shi, ya fita. Ka ba da umarnin D OMVS,A=ALL, wanda ke lissafa duk ayyukan da ke gudana a ɓangaren UNIX, ka nemi sunan da ya fara da SYSLOGD, kana lura cewa wani lokaci lamba kan biyo bayan sunan. Ka kuma karanta /etc/log, inda saƙonnin /etc/rc suke zuwa, tare da saƙonnin da suka fara da FSUM a rahoton aikin da ya mutu.

Idan babu wani mai gudana, sai a koma kan izini. Abin da /etc/rc ya tayar yana gadar cikakken iko, amma wanda aka tayar da START yana aiki ne da sunan mai amfanin da aka ɗaura masa a ajin STARTED na RACF, manhajar tsaron da ke kula da izini, kuma dole wannan suna ya kasance da ɓangaren OMVS, wato bayanansa na shiga UNIX, da ikon babban mai kula, wanda aka saba bayarwa da UID 0, wato lambar mai amfani ta sifili.

Sai fayil ɗin /etc/syslog.conf, mai ɗauke da saitin syslogd, wanda nake roƙon ka buɗe da idonka. Dole ya kasance a rubutun EBCDIC, tsarin haruffan babbar kwamfutar IBM, don haka wanda aka kwafo daga ƙaramar kwamfuta ba tare da an juya shi daga ASCII, tsarin haruffan ƙananan kwamfutoci, ba, shirme ne a wurin syslogd. Fayilolin ajiye saƙonni da aka ambata a ciki ma syslogd ba ya ƙirƙirar su da kansa sai an ba shi zaɓin -c.

Tashar UDP 514 kuwa, wato ƙofar sadarwar da syslogd ke sauraro, ta shafi saƙonnin da ke zuwa daga wasu na'urori ne kawai. Idan ba ku buƙatar su, ka tayar da syslogd da zaɓin -i, wanda ke hana shi karɓar su, in kuma har yanzu ya ƙi, ka ƙara -d domin ya nuna maka matakin da yake tsayawa.