Anti, kwanana 11 a Alƙahira kullum sai nayi kuka, in haƙura in dawo gida ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar shekara 19 ce daga Zariya, yau kwanana 11 da sauka a Alƙahira nazo karatun haɗa magunguna, kuma wlh Anti tunda nazo ba daren da banyi kuka ba. Ni da nayi sauka nayi islamiyya shekara tara ina ganin Larabci bazai bani wahala ba, sai gashi ko ruwa naje siya mai shago yayi magana bana tsintar komai, a aji ma malami zai fara da Turanci can sai ya juya harshe zuwa nasu kowa yana gyaɗa kai ni ina zaune kamar an dasa ni. Abincinsu ya ƙi karɓata, daga shayi sai biredi sai ɗan dambun naman da Mama ta ƙullo min shima ya kusa ƙarewa. Yaran layinmu in na wuce sai su dinga cewa samara, shokolata, wato baƙa, cakulan, suna dariya. 'Yan ɗakinmu su biyu 'yan ƙasarmu ne 'yan aji uku, basu da mugun hali amma kowacce ta kanta take, su fita tun safe sai dare. Fasfo ɗina kuma yana hannun mutumin da yayi mana hanyar makarantar, tun a filin jirgi ya karɓa yace zai min iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, in na tambaya sai yace inyi haƙuri ana kai. Babana kuɗin sallamarsa na ritaya ya tattara ya biya min, shiyasa in Mama ta kira sai nace lafiya lau komai daidai, ina ajiye wayar in fashe da kuka. Anti in faɗa musu gaskiya in dawo tun kuɗin basu gama narkewa ba, ko ya zanyi?

Ɗiyarki, daga Madinat Nasr

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu kuma sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, saboda nima a garin nan nayi karatu, kuma kukan nan da ake yi a hankali cikin filo dan kar 'yan ɗaki suji na san shi.

Amma kafin maganar kuka bari in fara da abin da ya tsaya min a rai, fasfonki. Gobe goben nan ki karɓo abinki. Ba faɗa nace kiyi ba, ki samu ɗaya daga cikin yayyen nan naki na ɗaki ta raka ki, kice masa Baba yace ki riƙe fasfonki a hannunki duk ranar da za'a je ofis ki bishi da ƙafarki. Iƙama a ofishin fasfo da shige da fice na Abbasiyya ake yinta tunda aka ɗauke aikin daga ginin gwamnati na Mugamma da ke dandalin Tahrir a 2019, kuma mai fasfo da kansa ake son gani, to me fasfonki yake yi a aljihun wani kwana 11? Wataƙila mutumin kirki ne aiki ne yayi masa yawa, Allah ya sa haka, amma bizar da kika shigo da ita tana da wa'adi kuma in ya wuce ke za'a ci tara ba shi ba. Ki buɗe ki duba ranar da idonki, ki ɗauki hoton shafin farko da shafin biza da hatimin shigowa ki tura wa Baba ki ajiye a wayarki, sannan kije ofishin ɗaliban waje na makarantarku, wafidin suke ce masa, ki tambayi takardar shaidar cewa ke ɗalibarsu ce dan da ita ake neman iƙamar karatu. In yayi miki taurin kai akwai shugabannin ƙungiyar ɗaliban Najeriya, akwai ofishin jakadancinmu a Zamalek. Wannan maganar bata jiran sati mai zuwa.

To yanzu batun dawowa. Ni dai bazan ce miki ki dawo ba, kuma bazan ce miki har abada kar ki dawo ba, abin da nake roƙonki shine kar ki yanke wannan hukuncin da yunwa a cikinki. Yarinyar da take kwana 11 kan shayi da biredi, bata barci, bata jin abin da ake faɗa a gefenta, ko a Kaduna aka ajiye ta sai taji duniya ta ƙuntace mata. Ki ba kanki zuwa ƙarshen zangon farko, ki rubuta ranar a bangon littafinki, in ranar tazo kina ci kina barci kina gane karatu amma har lokacin zuciyarki na cewa nan ba wurinki bane, sai a zauna da Baba ayi maganar da hankali kwance.

Larabcinki kuma bai tashi a banza ba, wlh yana nan, kunnenki ne bai saba da yadda suke murɗa shi ba. Abu biyu in kika riƙe rabin hazon zai yaye. Jim ɗinsu ga ce, shiyasa jami'a take komawa gam'a, jamil ya koma gamil. Ƙaf kuma haɗiye shi suke, ƙahwa ta zama ahwa, ƙalbi ya zama albi. Sai 'yan kalmomin kasuwa, bikam wato nawa, fen wato ina, dilwa'ti yanzu, mafish babu, mayya ruwa, biredi kuma esh suke cewa ba khubz ɗin da muka haddace a islamiyya ba. Ni ranar da na fara shiga ƙaramar bas ɗinsu ni kaɗai, wani dattijo daga baya ya taɓa kujerata ya miƙo min kuɗi a dunƙule, na riƙe ina kallonsa ina tunanin sadaka ya bani dan ya ganni baƙuwa, sai wata mata kusa dani ta kama hannuna a hankali ta tura shi gaba, ashe kuɗin mota ne ake miƙawa hannu da hannu har ya kai ga direba, canji ma haka yake dawowa. Matar nan ita ta koya min in zan sauka ince ala gamb ya usta, ta sa na maimaita sau uku kafin mu kai inda zan sauka. Har yau ina mata addu'a ban ma san sunanta ba. A aji kuma ki nemi izinin malami ki dinga ɗaukar lacca a waya, ki zauna layin gaba, ki nemi yarinya ɗaya 'yar ƙasar mai rubutu mai kyau kice ta ara miki littafinta, littattafan karatun da jarabawar ai da Turanci suke, bayanin baki ne yake zamewa.

Abinci kuwa 'yata kin fi kusa da gida fiye da yadda kike zato. Mulukiyyar nan da suke ji da ita lalo ce, ayoyon da kika sani. Bamiya kuɓewa ce. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, har goruba suna jiƙawa su sha suna ce mata dom. Ta'amiyya ƙanwar ƙosai ce sai dai da waken ful ake yi da ganye a ciki shiyasa cikinta kore. Babban abin ma shinkafarsu, ruz masri, gajeriyar nan mai danƙo da in kika dafa ta dafa-duka take caɓewa ta ɓata miki rai, to ita ce shinkafar tuwo, ki zuba mata ruwa sosai ki barta ta nuna luguf ki tuƙa, ko ba gari zata kama. Ni sai da nayi sati uku kafin wata 'yar Maiduguri ta nuna min, ranar muka siyo bamiya wajen mai kayan miya ta ƙasan bene muka goga ta, muka jefa daddawar da na taho da ita da ɗan kifi, muka zauna a ƙasa kan leda mu huɗu ba mai magana sai siɗe hannu, daren nan nayi barcin da ban taɓa yi ba tunda na sauka. Kije shagon attar, masu kayan ƙamshi, akwai citta da kanumfari da barkono, shatta zaki ce. Kuma tunda a Madinat Nasr kike, Hayyul Ashir na kusa dake, unguwar cike take da 'yan Sudan da sauran 'yan Afirka har da namu, 'yan ɗakinku sun san inda ake samun kayan gida. Ranar Juma'a ba makaranta, kice musu ke zaki yi tuwo, ki gani in zasu fita.

Maganar yaran layi, bazan ce miki ba komai bane dan da ciwo, nima an kira ni da sunayen nan kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Kar ki tsaya musu, kar ki rama, ki wuce abinki. Amma ki gaida bawwab ɗin gidanku, mai gadin bene, da matarsa kullum, ki dinga siyayya a shago ɗaya har mai shagon ya san fuskarki, ranar da ya ɗauke ki 'yar layin shi da kansa zai daka musu tsawa. In babba ne ya biyo ki ko ya miƙo hannu wannan kuma ki ɗaga murya a wurin, mutane zasu taru. A jirgin ƙasa na metro akwai taragon mata zalla a tsakiya, shi zaki dinga shiga. Kuma ki sani ba yau baƙar fata daga ƙasarmu ya fara zama a garin nan dan karatu ba, tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka gina makaranta da masaukin ɗalibansu a Alƙahira, a masallacin Azhar ma an yi ruwaƙin Barnawa, wato sashen da ɗaliban Barno suke zama.

Sai Mama. Kina zaton bata sani ba? Uwa daga sallamarki take gane kin ci abinci ko baki ci ba, lafiya lau ɗin nan da kike ce mata shi yafi hana ta barci dan bata san girman abin da kike ɓoyewa ba. Ki faɗa mata daidai yadda yake, Mama ina kewarku, abincin bai karɓe ni ba tukuna, yaren yana bani wahala amma ina koya. Wannan gaskiya ce kuma zata iya ɗauka, zata miki addu'a ta kuma faɗa miki yadda ake kaɗa miya da ɗan abin da ke hannu. Baba kuma maganar fasfon nan yau zaki gaya masa. Ki sake rubuto min bayan sati biyu ki faɗa min fasfon yana hannun wa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ɗana zai tafi Masar karatu a watan Janairu, me ya kamata in haɗa masa? Babansa yace ƙasar Larabawa ce zafi ake yi kar in cika masa jaka da kayan sanyi.

Maman yara, daga Katsina

AMSA

Hajiya ki ba Alhaji haƙuri, Janairu tsakiyar sanyinsu ne, da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 kuma gidajen tayil ne ba abin ɗumama ɗaki, sanyin yana shiga ƙashi fiye da hunturunmu. Ki sa masa rigar sanyi mai kauri ko ɗaya da safa da hular sanyi wanda zai sauka dasu, bargo ya siya a can yafi araha kuma bazai cinye masa kilo ba. Kilon ki kashe shi kan kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji, a ɗaure su sosai a leda biyu. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ya kasance tare da fasfo a jakar hannu dan ana tambaya, da hotunan fasfo da yawa da kwafin duk takardunsa. Kuɗi ya canza a banki ko shagon canji mai lasisi kawai, canjin bayan fage laifi ne a dokarsu, kuma duk lissafin da wani tsohon ɗalibi ya baku ku tambayi na wace shekara ne, dan a Maris 2024 fam ɗinsu ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, haya da komai sun canza. Abu ɗaya da nake so ki ja masa kunne a kai ki maimaita, hitar wanka mai aiki da gas da ke cikin banɗaki, kar ya kuskura ya kunna ta ya rufe ƙofa da taga ruf, iskar da take fitarwa bata da wari kuma tana kashe mutane a can lokacin sanyi, haka gawayi a ɗaki. In zaki kira shi ki tuna suna gabanmu da awa ɗaya lokacin sanyi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu. Allah ya kai shi lafiya ya bada abin da aka je nema.